"An Tura Sojoji": Abin da Ke Tsakanin Sanarwar Abuja da Isowar Ɗauki Ƙauyukan Zamfara

Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Ɗansadau a 'yan shekarun nan ya san zaman jiran rakiya. Za ka iso Magami da hantsi ka tarar motoci sun yi layi a gefen hanya, ƙanana da manya, an lafta musu buhunan taki da gishiri da katan-katan na taliya. Direbobi sun shimfiɗa tabarmi a inuwar motocinsu, mata masu goyo suna fifita da gefen mayafi. Ba wanda zai iya ce maka ga lokacin tashi. Sai an ga motocin soja sun fito, ɗaya ta shige gaba, ɗaya ta tsaya baya, sannan kowa ya ruga ya tada injinsa. Ranar da na yi irin wannan zaman, wani dattijo da ya kai jikarsa asibiti a Gusau yana hanyar komawa gida ya ga ina ta duba agogo, sai ya ce, "Ɗana, aje agogon nan. Tahiyar nan ta soja ce. In sun tashi mu tashi, in sun kwana mu kwana."

Tafiyar kilomita kusan 100 ce, wadda a da ake yi a dawo kafin la'asar. Yau tana rataye ne da motoci biyu ko uku da 'yan sojojin da ke cikinsu. In ka yi wannan zaman sau ɗaya, to in ka sake jin an ce a rediyo "an tura ƙarin dakaru Zamfara", ba za ka ji maganar kamar yadda kake jin ta a da ba. Za ka tambayi kanka: ina aka ajiye su, ta wace hanya za su iso mu, kuma har yaushe za su zauna?

Sanarwa dai mun sha ta. A watan Yulin 2016 Shugaba Muhammadu Buhari da kansa ya zo Ɗansadau cikin kakin soja ya ƙaddamar da farmakin soja mai suna Harbin Kunama. Aka yi Sharan Daji. A Yulin 2018 fadar shugaban ƙasa ta ce an turo jami'ai 1,000, sojan sama kuma suka fara Diran Mikiya. A 2019 aka koma Hadarin Daji. A 2024 aka kafa Fansan Yamma, aka ajiye hedikwatarta a Gusau. Kowane suna ya zo da motocinsa da kwamandojinsa, kuma ba gaskiya ba ne a ce ba a yi komai ba, domin an yi artabu da yawa, an kashe manyan 'yan bindiga, sojoji ma sun rasa rayukansu a wannan ƙasa tamu. Amma mutumin ƙauye yana auna tsaro da abu ɗaya ne: daga lokacin da ya ji rurin babura a bayan gari zuwa lokacin da ɗauki ya iso, minti nawa ne?

Mu fara da lissafin kai. Ɗauki adadin nan na 1,000 a matsayin misali. Zamfara ƙananan hukumomi 14 gare ta, faɗinta kuma ya kusa murabba'in kilomita 40,000. In ka raba daidai wa daida, kowace ƙaramar hukuma za ta tashi da mutum saba'in da ɗoriya. A cikin saba'in ɗin nan akwai direbobi, da makanikai, da masu dafa abinci, da masu jinya, da masu kula da oba-oba. Waɗanda suka rage kuma ba za su fita gaba ɗaya ba. Wasu sun kwana gadi dole su runtsa, wasu dole su tsare sansanin kansa, in ba haka ba a dawo a tarar an kwashe makamai. Abin da zai iya hawa mota ya fita sintiri a kowane lokaci bai fi ashirin ko talatin ba. To ka ɗora ashirin ɗin nan a kan ƙaramar hukuma irin Maru, wadda ta miƙe tun daga kan hanyar Sakkwato har iyakar Kaduna da Neja. Su kuwa ɓarayin daji idan za su faɗa wa gari sukan haɗa mayaƙan daba biyu ko uku, wato sansanoninsu na daji, su zo a kan babura hamsin ko ɗari, kowane babur da mutum biyu ko uku. Wanda zai kai hari shi ke zaɓen wuri da lokaci, ya tattara ƙarfinsa wuri guda. Mai tsaro kuwa dole ya rarraba nasa ko'ina, domin bai san inda za a faɗo ba. Wannan shi ne tushen wahalar, kuma ƙarin mutum dubu ba ya kawar da shi.

Sai batun wa ke da ikon cewa a tashi. Sojan ƙasa tsari gare shi hawa-hawa. Runduna ta 8 da ke Sakkwato ita ke kula da Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Katsina. A ƙarƙashinta akwai Birged ta 1 a Gusau, a ƙarƙashin birged akwai bataliyoyi, kowace da 'yan ɗaruruwan sojoji, su kuma ake gutsurawa kamfani-kamfani da ƙananan rukunai a kai su ƙauyuka. A Kebbi akwai bataliya a barikin Dukku da ke Birnin Kebbi, akwai wata a Zuru. Ƙaramin hafsan da aka ajiye a wani gari da mutum talatin an ba shi iyakar aikinsa. Idan aka buga masa waya cewa ana harbi a wani ƙauye da ke wajen wannan iyaka, ba shi da hurumin kwasar yaransa ya tafi sai ya nemi izini daga sama. Mutane kan fassara wannan da rashin tausayi, wani lokacin kuma akwai sakaci na gaske, ba na musun haka. Amma akwai dalili a bayan ƙa'idar: sau da yawa harin farko tarko ne, ana so a janye sojoji daga wurinsu a yi musu kwanton ɓauna a hanya, ko a faɗa wa garin da suka bari.

Gwamna kuwa ba ya cikin wannan jerin kwata-kwata. Sashe na 218 na tsarin mulkin 1999 ya damƙa ikon sarrafa sojoji a hannun shugaban ƙasa. Gwamna zai sayi motoci, ya zuba mai, ya biya alawus, amma ba zai iya cewa motar da ya saya ta tashi daga nan ta koma can ba. A Satumban 2025 Gwamna Dauda Lawal na Zamfara ya fito fili ya ce ya san inda manyan 'yan bindiga suke, amma jami'an tsaro daga Abuja suke karɓar umarni ba daga gare shi ba. Ko mutum ya ɗauki maganar a matsayin siyasa ko bai ɗauka ba, tsarin da ya bayyana haka yake a rubuce.

Yanzu mu dubi ƙasar kanta, domin soja ba a kan takarda yake tafiya ba. Kwaltar da ake iya dogara da ita a Zamfara ƙalilan ce: wadda ta taso daga Funtua ta bi Tsafe ta shiga Gusau, ta wuce Bunguɗu da Maru da Mayanci da Talatar Mafara zuwa Sakkwato, wadda ta tashi daga Gusau zuwa Ƙaura Namoda ta rabu, reshe ɗaya ya yi Shinkafi, ɗaya ya yi Zurmi har Jibiya, sai wadda ta ɓalle daga Mayanci ta bi Anka da Daki Takwas zuwa Gummi. Tsakanin waɗannan layuka, daji ne da hanyoyin burji da turbar shanu. Akwai Sububu a Maradun, Dumburum a Zurmi, Fakai a Shinkafi, Munhaye a Tsafe, Gando wajen Bukkuyum, sai uwa-uba Kuyambana a kudu, wanda ya haɗe da Kamuku na Birnin Gwari, ya zarce cikin jihar Neja, ya leƙa Danko-Wasagu da Sakaba a Kebbi. Ɗan bindiga zai iya tashi daga dajin Rugu a Katsina ya sauka kusa da Bena bai taka kwalta ba sai a wuraren tsallakawa. Soja kuwa motarsa kwalta take so.

Abin da ya faru a Kwashabawa cikin ƙaramar hukumar Zurmi a ƙarshen Agustan 2024 ya isa misali. Motocin sulke guda biyu, irin waɗanda aka ƙera don jure nakiya, suka kafe cikin taɓo ana tsakiyar damina. Hedikwatar tsaro ta ce sojoji sun yi ƙoƙarin fitar da su abin ya faskara, sai suka kwashe abin da za su iya kwashewa suka bar su. Bayan nan aka ga bidiyon yaran ƙasurgumin ɗan bindiga Bello Turji suna murna a kansu, suka cinna musu wuta. Mutane da yawa sun yi ta zagi a Facebook. Ni abin da na gani shi ne mota mai nauyin fiye da tan goma a cikin fadama a watan Agusta. Sulken da ke kare rayukan waɗanda ke ciki shi ne nauyin da ya nutsar da ita. Babur kuwa mutum biyu za su ɗaga shi su tsallakar da shi rafi. Shi ya sa sojoji ma suka koma hawa babura a wurare da yawa, sai dai sojan da ke kan babur ba shi da abin da ya tsare ƙirjinsa, kuma ba zai iya ɗaukar babbar bindiga da harsasai masu yawa ba. Kowane zaɓi da farashinsa.

Damina da rani ma yaƙi biyu ne daban. Da damina gulbin Ka da gulbin Zamfara da Gagare da Bunsuru duk sun cika, kwalbatoci sun karye, ciyawa da dawa sun fi tsayin mutum, ganye ya rufe daji har jirgi ba ya ganin abin da ke ƙasa. Da rani hanya ta bushe, ana hangen nesa, amma in hazo ya sauko jirgi sai ya zauna a ƙasa. Ga shi kuma damina ce lokacin da manomi ya fi buƙatar tsaro, lokacin da ake aza wa ƙauyuka harajin noma da na girbi. Wato lokacin da soja ya fi rauni wajen motsi shi ne lokacin da aka fi neman sa. Daga ƙarshen 2024 kuma an fara samun abubuwan fashewa da aka binne a hanyar Ɗansadau, wanda ke nufin ayarin soja dole ya rage gudu yana dubawa. Kilomita talatin a kan irin wannan hanya na iya cin awa biyu. Harin ƙauye kuwa, a kore shanu a tasa mutane gaba, ba ya kai awa ɗaya.

To me zai hana a ajiye sojoji a kowane ƙauye, tunda nisa ne matsalar? Nan ne kwamanda ke shiga tsaka mai wuya, kuma nan ne nake ganin ya kamata mu masu sharhi mu yi adalci. Ƙaramin sansani kusa da jama'a yana kawo kwanciyar hankali, kasuwa ta ci, a fita gona. Amma ƙaramin sansani mai nisa da ɗan'uwansa nama ne. A Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara aka rufe kasuwannin mako, 'yan bindiga suka faɗa wa sansanin Mutumji a yankin Ɗansadau suka kashe jami'ai 12, mafi yawansu sojan sama, suka kwashi makamai. Duk bindigar da aka kwasa a irin wannan hari, kan talaka za ta dawo. A Arewa maso Gabas an fuskanci wannan matsalar, har a 2019 rundunar soja ta kwashe ƙananan sansanoni ta tattara dakaru a manyan sansanoni masu ƙarfi. Asarar sojoji ta ragu, amma garuruwa da hanyoyin da aka bari sai suka koma hannun 'yan ta'adda, suna kafa shingensu suna tare matafiya. In ka warwatsa a cinye ka ɗaya bayan ɗaya, in ka dunƙule ka bar jama'a a fili.

Mafita a wurin masana aikin ita ce sansanoni su zama kamar duwatsun murhu, kowane yana tallafar ɗan'uwansa, a ajiye kuma wata runduna mai saurin motsi a tsakiya wadda ba ta da wani aiki sai kai ɗauki. Amma hakan na yiwuwa ne idan akwai hanya tsakaninsu. Sansanin da ɗauki ba zai iso shi cikin awa ɗaya ba, sunansa sansani ne kawai.

Kuma kada a manta soja ciki gare shi. Mutum talatin a bakin daji suna buƙatar ruwa kullum, da shinkafa, da man mota, da batir, da harsasai, da magani, da hanyar fitar da wanda ya ji rauni kafin jini ya ƙare masa. Duk wannan a mota ake kai shi, motar kuma sai an yi mata rakiya, rakiyar kuma daga cikin 'yan sojojin nan ake cire ta. Ayarin kai kaya shi ne ya fi sauƙin yi wa kwanton ɓauna, domin hanya ɗaya ce, kuma infoma na zaune a tasha ko wurin mai shayi yana ƙirga motoci. Ga gajiya: sojan da ya shekara biyu ko uku a daji ba a canza shi ba, bai ga iyalinsa ba, ba zai yi kuzarin wanda ya zo jiya ba. Sojan Najeriya yana aikin cikin gida a kusan kowace jiha, daga Borno zuwa Filato zuwa Neja Delta, don haka duk bataliyar da aka kawo Zamfara daga wani wuri aka ɗauke ta, kuma ranar da can ya ɗauki zafi za a iya mayar da ita.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato janyewa. Ana yawan magana a kan zuwan sojoji, ba a cika magana a kan tafiyarsu ba, alhali tafiyar ce ke kashe mutane.

A ƙauyen kawuna an taɓa kawo sojoji suka sauka a makarantar firamare. Mutanen da suka yi gudun hijira suka fara dawowa, aka gyara rufin ɗakuna, aka yi shuka har gonakin nesa da aka shekara uku ba a taɓa ba. Matasa suna ɗebo wa sojojin ruwa, mata suna aika musu fura, wasu suka nuna musu turbar da ɓarayin ke bi. Bayan 'yan makonni, wata safiya aka tashi aka ga makarantar wayam, sai gwangwanaye da tokar murhu. Ba wanda aka gaya wa, har mai gari. Da na je gaishe da kawu bayan abin da ya biyo baya, yana zaune a zauren wani ɗan'uwa a cikin gari inda suka sake yin hijira, ya ce mini, "Yaro, randa sunka zo munka yi murna har da yanka akuya. Da mun san ba zama za su yi ba, da mun roƙe su kada su sauka. Waɗancan da sunka dawo, tambayarsu ta farko ita ce wa ya ba soja ruwa." Ban sami abin ce masa ba.

Daga ranar na fahimci abin da ya sa wasu ƙauyuka ke ƙin ba jami'an tsaro labari, har ake zarginsu da haɗa baki. Mutum yana lissafi ne: soja baƙo ne, ɗan bindiga maƙwabci ne. Wanda zai kwana da kai shekara mai zuwa shi kake tsoron ɓata wa. Labarin sirri kuwa shi ne idon soja, kuma ba ya samuwa sai jama'a sun tabbata cewa wanda suka gaya wa yana nan gobe.

Abin da ya faru a Maga, cikin Danko-Wasagu a jihar Kebbi, ya fito da wannan fili ga duk ƙasa. Ranar 17 ga Nuwamban 2025 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata da asuba, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka tafi da ɗalibai 25. Gwamna Nasir Idris ya ce an sami rahoton sirri tun kafin harin, an kai sojoji makarantar, amma suka janye wajen ƙarfe uku na dare, kafin ƙarfe huɗu kuma maharan suka iso. Ya nemi a binciko wanda ya ba da umarnin janyewar. An samu 'yan matan sun dawo bayan kwanaki, alhamdu lillahi. Amma dubi yadda abin yake: labari ya samu, dakaru sun samu, wurin ma an san shi. Abin da ya rage shi ne a zauna har gari ya waye. Kuma tazarar da ke tsakanin tashin sojoji da isowar maharan tana nuna cewa akwai idon da ke kallon ƙofar makarantar. Kebbi ta riga ta ga irin wannan a Birnin Yauri a watan Yunin 2021, Zamfara ta gani a Jangebe a Fabrairun 2021, inda aka kwashi 'yan mata 279. Makarantun kwana da ke bakin daji sanannu ne, ana iya ƙirga su da yatsu.

Akwai kuma abin da ke biyo bayan farmaki ko da ya yi nasara. Idan aka matsa wa daba da ruwan bama-bamai, waɗanda suka tsira ba ɓacewa suke yi ba, ƙaura suke yi, kuma a fusace, da yunwa. A farkon Janairun 2022, bayan jiragen yaƙi sun yi luguden wuta a dazukan arewacin Zamfara, sai ga gungun 'yan bindiga sun ɓulla a ƙauyukan Anka da Bukkuyum suna ta kisa kwana da kwanaki. Gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce sun kai 200. Kafin a kori maciji daga rami, ana fara duba inda zai fita. A aikin soja, rundunar da ke kora rabi ce kawai, ɗaya rabin ita ce wadda aka girke tun da wuri a mashigai da wuraren tsallaka kwalta da bakin gulbi. In babu ta, an dai kwashe bala'in daga wannan gari an kai wancan. Iyakokin jihohi ma suna ƙara dagula lamarin, domin dajin Kuyambana da Kamuku abu ɗaya ne a ƙasa, amma ɓangaren Zamfara na ƙarƙashin rundunar Sakkwato, ɓangaren Birnin Gwari na ƙarƙashin ta Kaduna. Ɗinke irin wannan ɓaraka na daga cikin dalilan kafa Fansan Yamma, a tara yankin ƙarƙashin kwamanda ɗaya, kuma tunani ne mai kyau.

Idan ana neman shaidar cewa wurin tsayawa ya fi yawan mutane tasiri, a dubi yadda aka kashe jagoran 'yan bindiga Halilu Sububu a Satumban 2024. Mutumin da ya shekara da shekaru yana juya dajin Sububu da ma'adinan yankin Anka, ba a cikin dabarsa aka same shi ba. Kwanton ɓauna sojoji suka yi masa kusa da Mayanci, inda dole ya tsallaka hanya. An san zai wuce, an san ta ina, aka riga shi isa, aka jira.

Jirgin sama yana rage nisa, amma ba ya riƙe ƙasa. Zai zo ya yi wuta ya koma, kuma yana buƙatar wanda zai gaya masa daga ƙasa su wane ne a kan baburan nan. A Janairun 2025 a Tungar Kara, tsakanin Maradun da Zurmi, jirgi ya faɗa wa 'yan sa-kai da mutanen gari da suka fito bin sawun ɓarayi, aka rasa rayuka fiye da goma. Kowa babur yake hawa, kowa da bindiga a kafaɗa, daga sama kamarsu ɗaya. Su ma jiragen ba su tsira ba: a Yulin 2021 an harbo wani jirgin yaƙi samfurin Alpha Jet a kan iyakar Zamfara da Kaduna, matuƙinsa ya yi sa'a ya diro da lema ya tsira.

Wannan ƙasa ta taɓa fuskantar irin wannan tambaya. Bayan faɗuwar Alkalawa, babban birnin Gobir, a hannun masu jihadi a 1808, Gobirawa da sauran waɗanda ba su miƙa wuya ba sun ci gaba da kawo hare-hare kan iyakokin daular Sakkwato, su buga su koma. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ga cewa fita yaƙi da rani a dawo gida ba ya tsare manomi, sai ya kafa ribaɗi: garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, aka zaunar da mayaƙa da iyalansu, suna noma suna gadi. Shi kansa ya koma Wurno ya zauna, a can ya rasu a 1837. Ba ina cewa a mayar da sojan zamani manomi ba ne. Abin da nake ɗauka daga ciki shi ne cewa mai tsaron iyaka a lokacin ba baƙo ba ne, hatsinsa na cikin rumbun garin, don haka ba wanda ke tsoron ya wayi gari ya ga ya tafi.

A yau wanda ya kamata ya gaji wannan zaman shi ne ɗan sanda. Aikin soja ne ya fatattaki masu manyan makamai, aikin ɗan sanda ne ya zauna, ya san kowa, ya kama infoma ya kai shi kotu. Amma akwai gundumomi da yawa a Zamfara da ba su da ko ƙaramin ofishin 'yan sanda, shi ya sa soja ya zama mai gadin makaranta, mai rakiyar 'yan kasuwa, mai tsaron shingen bincike, duk a lokaci guda, sai ya rasa mutanen da zai shiga daji da su. Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a Janairun 2024, su fiye da 2,600, an kafa su ne don cike wannan giɓi. 'Yan gida ne, sun san kowace turba, ba inda za su tafi. Sai dai makamansu ba su kai na ɓarayi ba, kuma tarihin 'yan sa-kai ya nuna mana abin da ke faruwa idan mai bindiga ya fara yanke hukunci da kansa a kan Bafulatanin da ya zo cin kasuwa: sabuwar gaba ake haifarwa, daji ya ƙara samun mayaƙa. Suna da amfani matuƙar suna ƙarƙashin idon hukuma, kuma akwai soja a bayansu da zai iso in abin ya fi ƙarfinsu.

A ganina kuɗin da za a kashe wajen zuba kwalta da gina gadoji daga Magami zuwa Ɗansadau, ko daga Anka zuwa Bagega, kuɗin tsaro ne kai tsaye, domin su ne za su mayar da awa biyu ta koma minti talatin, su ba sojoji talatin damar tsare abin da a yanzu ɗari ba za su iya ba. Sannan janye sojoji daga gari ya kamata ya zama yana da ƙa'ida kamar yadda kawo su yake da ita: a san wanda ya sa hannu, a san wanda zai karɓi wurin, a sanar da hakimi ko mai gari cikin sirri ko da kwana biyu ne kafin lokaci, don masu rauni da waɗanda suka taimaka wa soja su sami damar matsawa. Na san za a ce sirrin aiki ne, labari zai fita. Amma Maga ta nuna cewa ɓarayin suna sanin lokacin tashin sojoji ko an sanar ko ba a sanar ba. Mutanen gari ne kaɗai ake bari a duhu.

Ranar da na yi jiran Magami, sai bayan azahar muka tashi. Muka bi motar sojan a hankali, ƙura ta turnuƙe, ba mai magana a cikin motarmu sai salati idan an zo wurin da ciyawa ta matso bakin hanya. A gefen hanya akwai ƙauyukan da suka zama kufai, rufin kwano ya yaye, geza ta tsiro a tsakar gida. Wani matashin soja a bayan motar da ke gabanmu, da ƙyar in ya kai shekara ashirin da biyar, ya ɗaure fuska da ƙyalle saboda ƙura, hannunsa bai bar kan bindigar ba har muka isa. Da muka shiga Ɗansadau, wasu motocin sun riga sun yi layi suna fuskantar Gusau, cike da buhunan masara da marasa lafiya, direbobinsu suna tambayar sojojin ko yau za a juya ko sai gobe.